Fatawa: Shin riba tana da iyaka ga mai haɗa na'ura da hannunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a Ƙofar Marusa, nan cikin Katsina. Da wasa na fara haɗe-haɗen kayan lantarki, har na iya haɗa wata 'yar na'ura mai kashe sumo, wato injin jan ruwa, da kanta idan tankin ruwa ya cika. Yanzu mutane sun fara nema. Fanel, wato allon da ake liƙa kayan a kai, na yi odarsa daga Chana, sauran kayan na saro a Sabon Garin Kano. Guda 20 na haɗa, uku suka ƙone wajen gwaji. Kayan kowace ɗaya sun tsaya mini naira 9,000, ina sayarwa 25,000. Kawuna ya ce duk ribar da ta wuce sulusin uwar kuɗi haram ce. Sannan in mai saye ya matsa da ragi nakan ce masa 18,000 na kashe, ina nufin har da wahalata. Wani lokaci kuma rilen da nake sakawa, wato makunnin da ke kunna sumon yana kashe shi, daga tsohuwar sitabilaiza nake cirowa. Mene ne hukuncin wannan ciniki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abin da ka fi jin tsoro a tambayarka halal ne. Abubuwa biyun da ka jefo a ƙarshe kamar ba komai ba, su ne ke buƙatar gyara.

Shari'a ba ta yanka wa riba iyaka ba. Ina nufin ribar Hausa, wato abin da ɗan kasuwa ke samu a kan jarinsa, ba kuɗin ruwa ba. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada mu ci dukiyar juna ta hanyar ɓarna, sai dai ta ciniki bisa yardar juna. Yarda ya shardanta, bai ambaci adadi ba. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa tunkiya. Ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da tunkiya da dinarin, Annabi (SAW) kuwa ya yi masa addu'ar albarka. Ka ga ribar ninki ke nan. A cikin Bukhari ɗin dai, Zubairu ɗan Awwam ya sayi wani fili da ake kira Gaba a kan 170,000, ɗansa Abdullahi ya sayar da shi 1,600,000. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tsaya a kan cewa babu wani kaso da aka ɗaure 'yan kasuwa da shi.

Kawunka bai ƙirƙiro zancen sulusi ba, a littafi yake, sai dai an ajiye shi a inda ba muhallinsa ba. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun kawo shi a babin gabnu, wato a zurma mutum a farashi. Ibnu Asim a Tuhfatul Hukkam ya ce mai ƙarar an zurma shi sai ya cika sharuɗɗa uku: cinikin bai wuce shekara ba, shi bai san kan kayan ba, kuma cutar ta kai sulusi ko fiye. To sulusin me? Sulusin ƙimar kayan a kasuwa, ba sulusin abin da mai kaya ya kashe ba. Idan irin na'urarka ta kanti tana kusa da kuɗin da kake sayarwa, babu wanda ka zurma ko da kyauta aka ba ka kayan haɗin. A Mukhtasar na Khalil ma, ba a warware ciniki don tsada kawai, sai in mai saye ya miƙa wuya ya ce: ban san kan abin nan ba, ka sayar mini yadda kake sayar wa jama'a. Wannan kam amana ce ya ɗora maka. Ka kula sosai, domin mafi yawan masu zuwa wurinka ba su san rile daga fis ba, kuma da wannan lafazin za su zo.

Lissafinka ma bai cika ba. Naira 180,000 ka zuba, na'ura 17 suka fita, kowace ta tsaya maka kusan 10,600 tun ba ka sa kuɗin mota zuwa Kano, da dakon fanel, da dalma, da man janareta, da daren da ka raba kana liƙi ba. Ga wadda za a dawo maka da ita bayan wata biyu ta daina aiki, dole ka gyara, tunda kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ga kuma dala: a 2023 kafin a saki canji tana wajen naira 460, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar a farashin jiya a wancan lokacin, jarinsa ya cinye yana murnar riba. Ya halatta ka sa kuɗi gwargwadon abin da zai sake sayo maka kayan yau. Na sha ganin samari masu basira sun ajiye sana'a saboda kunyar sa wa aikin hannunsu kuɗi.

Yanzu ga 18,000 ɗin nan. Muddin kana cewa kuɗinta 25,000, mai saye ya taya, ka ce albarka ko ka sallama, cinikin musawama kake yi, babu mai tilasta ka faɗi nawa ka kashe. Da ka buɗe baki ka ce kaza na kashe, ka shiga babin cinikin amana irin murabaha, wato ka faɗi uwar kuɗi ka ɗora riba sananniya a kai, shi kuwa mai saye a kan maganarka zai gina yardarsa. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya rarrabe abin da ake lissafawa: abin da ake gani a jikin kaya, kamar rini da ɗinki, ana sa shi a uwar kuɗi kuma a ɗora masa riba, kuɗin dako ana sa shi amma ba a ɗora masa riba, la'adar dillali da hayar ɗaki ba a sa su, sai dai in an bayyana wa mai saye komai ya yarda. Malamanmu sun ƙara da cewa aikin da mutum ya yi da hannunsa ba ya kiransa kuɗin da ya kashe. Saboda wannan santsin ne Khalil ya ce murabaha ta halatta amma an fi son a bar ta. Mai saye ya fahimci 18,000 sun fita daga aljihunka, alhali ba su fita ba. Niyyar da ka ɓoye a zuci ba ta wanke wannan. Ko dai ka yi shiru a kan uwar kuɗi, ko ka ce kaya kaza, aikina kaza.

Tsohon rile kuma ba haramun ba ne a yi aiki da shi, ɓoyewar ce algus. Bakinsa yana cinyewa da yawan kunnawa da kashewa, sumo kuwa lokacin tashi yana jan wuta ninkin-baninkin wadda yake ci yana gudu. In bakin ya liƙe, tanki ya yi ta ambaliya, ko injin mutane ya ƙone. Aibi ne da in mai saye ya sani zai rage tayi, don haka wajibi ne a faɗa. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu a tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ka yi farashi biyu, mai sabon rile da mai tsoho, ka kuma rubuta a jiki ƙarfin injin da na'urar za ta iya ɗauka.

Waɗanda ka riga ka sayar wa a kan zancen 18,000 ko da tsohon rile, ka neme su ka gaya musu gaskiya. Wanda ya yarda ya riƙe, cinikinku ya tabbata. Wanda ya ƙi, ka karɓi kayanka ka mayar masa da kuɗinsa, ko ku daidaita a kan ragi, ko ka sauya masa sabon rile. Kawunka kuwa ka kai masa wannan bayani cikin ladabi, tsoron haram ne ya sa ya yi magana.

Wallahu a'alam.