Corolla LE ko S: amsa ga ɗan'uwanmu na Agege

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana zaune a Agege a nan Legas, shagonka yana Idumota, kana neman ƙaramar mota ta zuwa kasuwa da kai yara makaranta. Dillali ya nuna maka Corolla biyu 'yan 2010, ɗaya LE ɗaya S, ya ce S ɗin ta fi ƙarfi shi ya sa ya ɗora mata kuɗi. Wani kuma ya ba ka shawarar ka ƙara haƙuri ka tara ka sayi 'yar 2015. Ni na shekara shida ina tuƙa LE 'yar 2010 a garin nan, kafin ita na riƙe S na wata takwas, ƙanena kuma yana da 'yar 2015 wadda nake karɓa lokaci zuwa lokaci. Abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Maganar ƙarfi ka ajiye ta gefe, ba gaskiya ba ce. LE da S na wannan shekarar injinsu ɗaya ne, mai lita 1.8 da fulogi huɗu, ƙarfin doki 132, kuma in atomatik ce giyarsu ɗaya, mai hawa huɗu. Ka sa a buɗe maka bonet ɗin duka biyun ka duba da kanka. Wadda take da babban inji ita ce XRS, mai lita 2.4, ita kuwa ba kasafai ake cin karo da ita ba, kuma ta fi shan mai. Abin da aka ƙara wa S ado ne: robobin da aka zagaya ƙasan bamba da gefen mota da su, fitilun hazo, sitiyari mai rufin fata, kujeru masu ɗan rungumar jiki, da taya mai inci 16 a maimakon 15. Abin da zai ba ka mamaki, a wannan shekarar LE ce take zuwa da gilas mai latsawa kai tsaye daga kamfani, S kuwa sai in wanda ya fara sayenta a Amurka ya biya kuɗin ƙari. Don haka za ka iya samun S mai kyan gani wadda da hannu ake murɗa gilashinta. Akwai kuma XLE, mai adon katako a ciki, ita ma injin bai canza ba.

Wannan adon na S shi ne ya raba ni da ita. Ka san yadda ƙofofin gidajenmu suke a Agege, sai ka hau kan sulab ɗin kwata kafin ka shiga. Kullum sai na karkata motar na shiga a kaikaice, yaro yana tsaye yana yi mini alama da hannu, duk da haka sai ka ji ƙuuu a ƙasa. Wata rana da damina na faɗa wani rami da ruwa ya rufe a wajen Iyana Ipaja, robar gaban ta tsage ta riƙa jan ƙasa, da igiyar leda na ɗaure ta na ƙarasa gida. Ita kuma tayar inci 16 bangonta ya fi siranta, duk ramin da ka daka sai ka ji shi a ƙugunka, ga saurin kumbura a gefe. Tayar LE ta fi kauri, tana shanye gargada, kuma ta fi sauƙin kuɗi idan za ka canza.

A tuƙi, Corolla 'yar 2010 motar haƙuri ce. Sitiyarinta na lantarki ne, mara nauyi, da yatsa biyu za ka juya ta ka kutsa tsakanin danfo da keke a Oshodi. A gosulo ba ta gajiyar da mutum, esi ɗinta kuma yana sanyi sosai in komfuresa tana da lafiya. Sai ka hau babban titi aibinta yake fitowa. A kan gadar Third Mainland, in iskar ruwan nan ta taso, za ka ji sitiyarin ya yi sako-sako, dole ka riƙe da hannu biyu. A hanyar Ibadan kuwa, da ka wuce gudun 110 injin zai fara ƙara a kunne saboda giyar ta ƙare a ta huɗu. Na je Kano da ita sau uku da iyali da kaya cike da but. Ta kai mu lafiya, amma wuce tirela da mutum biyar da esi a kunne yana buƙatar lissafi, ka ba ta fili tun daga nesa. Wani abu da na ji daɗinsa: daga 2010 aka mayar da na'urar hana santsi dole a kowace Corolla ta Amurka, ba kamar 'yar 2009 ba da sai wadda aka saka wa.

'Yar 2015 kuwa mota ce mai daɗi, ban musa ba. An tsawaita tsakanin tayar gaba da ta baya da santimita 10, shi ya sa dogon mutum zai zauna a baya ya miƙe ƙafa. Fitilarta LED ce mai haske fari, LE ɗinta tana da kyamarar baya da allon latsawa. Amma giyarta ce abin tunani. LE da S masu atomatik na wannan zubin giyar CVT gare su, wadda ba ta da hawa-hawa, bel ne na ƙarfe yake gudana a tsakanin fulai biyu. Tana tafiya sumul, tana rage shan mai, abin da kowa yake lissafawa tun da aka cire tallafi a 2023. Sai dai manta daban ne. Wani makanike ya taɓa zuba wa ta ƙanena man giya na gama-gari, cikin sati biyu ta fara kuka da fizga, da ƙyar aka ceto ta bayan an zubar an wanke an sa nata. In ba ka da makaniken da ka yarda da shi, ka yi hattara. Ƙaramar cikinsu, L, ita ce ta ci gaba da tsohuwar giya mai hawa huɗu har 2016.

Ni da zan zaɓa maka, LE 'yar 2010 zan ce, in dai ita ce ta fi lafiya a cikin biyun. Kayanta kamar ƙasa suke a kasuwar kayan mota ta Ladipo, sababbi da tokumbo, kuma babu unguwar da za ka tsaya a rasa wanda ya san ta. Injinta sarƙa gare shi, ba bel ɗin tayimin ba, don haka an rage maka wata hidima.

Ranar da za ka je dubawa, ka je da sassafe kafin su tayar da ita, ka ji yadda take tashi a sanyi. Ka leƙa gefen injin ta inda fanbel yake, in ka ga busasshen ruwa mai launin ruwan hoda ya yi ɓawo a wurin, famfon ruwa ya fara yoyo. Tawa ta yi haka a shekara ta biyu. Ka lura ko fankar lagireto tana tashi da zarar an murɗa makulli, alamar an haɗa ta kai tsaye ke nan, sau da yawa kuma an cire tamostat don a ɓoye zafi. Ka ɗaga kafet ɗin ƙasan kujera ka sansana, ka duba ƙarfen da kujerar take gudu a kai ko ya yi tsatsa, domin motocin da ambaliya ta ci suna shigowa da yawa. A leƙa salansa a tabbatar ba a kwashe abin tace hayaƙin da makanikai suke kira indomi ba. Kada ka yarda da lambar tafiyar da ke kan mita, ka dubi yadda robar birki da sitiyari suka suɗe. Takardun kwastam kuma ka gwada lambar shasi da ke jikinsu da wadda take ƙasan gilashin gaba, harafi bayan harafi, kafin ka tura ko sisi.

In ka tsayar da rana ka sanar da ni, ranar Asabar ba na fita kasuwa, sai mu je tare da makanikena. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya tsare hanya.