Shinkafa a kwari, rogo a gangare, turare a tudu: amsoshin tambayoyin manoma

Tambayoyin da suka taru a wannan karo galibinsu daga masu ƙaramar gona ne, waɗanda ke so su haɗa shinkafa da rogo da bishiyar turare (eucalyptus) a fili ɗaya. Na zaɓi biyar, na fara da wadda ta fi yawan maimaituwa.

Tambaya: Gonata ba ta kai hekta biyu ba. Gangare ce, ƙasanta fadama inda nake shinkafa. Ina so in jera turare a bakin fadamar ya zama shinge, in kuma riƙa samun itace. Maƙwabcina ya ce zai shanye mini ruwa. Gaskiya ne?

Malam, maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba. Turare ɗan asalin Ostireliya ne, yana da iri sama da 700, kuma abin da ya sa duniya ta rungume shi shi ne saurin girma. A shekarun 1890 Sarki Menelik na Biyu ya sa aka kawo shi Addis Ababa saboda itacen girki ya yi wa birnin ƙaranci, kuma ya biya buƙata. To amma saurin girman nan da ruwa ake biyansa. Idan aka auna ruwan da yake sha a kan kowane kilo na itacen da ya yi, ba ya cikin masu almubazzaranci. Matsalar ita ce yana yin itace da yawa, ganyensa kuma ba ya zuba da rani, don haka ba ya hutun sha. Shi ya sa dokar ruwa ta Afirka ta Kudu ta 1998 ta sanya manyan gonakin itace cikin ayyukan da ke rage ruwan rafi, sai da lasisi ake kafa su.

A bakin fadama ruwa yana kusa, saiwarsa za ta same shi ba wahala. Shekara ta farko ba za ka ga komai ba. Daga ta uku za ka lura fangalin da ke kusa da bishiyoyin shi ke fara bushewa, shinkafarsa gajera, ba ta 'ya'ya sosai. Mutane kan ɗora laifin a kan gubar ganyen. Ganyen yana da mai, yana jinkirin ruɓewa, yana kuma danne tsiron ƙananan shuke-shuke, amma a abin da na gani a gonaki, saiwa da inuwa su ne manyan ɓarayin. Saiwar da ke bin saman ƙasa tana iya tafiya mita goma ko fiye.

Wani zai ce ai a arewa maso gabashin Tailan manoma na dasa shi a kan kunyar shinkafa. Haka ne. Amma layi ɗaya suke yi, suna sare shi tun yana ƙarami su sayar wa masana'antun takarda, kuɗin itacen ya cike gibin shinkafar da ke gefe. Idan ba ka da mai saye a hannu, ka ɗauki asarar ba tare da ribar ba.

Shawarata, ka hau da shi can saman gonar, wurin tsakuwar nan da amfanin gona ba ya yin kirki. Ka bar aƙalla mita 15 tsakaninsa da inda kake shuka, kuma kada ya kusanci rijiya ko idon ruwa ko kaɗan. Idan filin ya matse, haƙa rami mai zurfin rabin mita zuwa mita ɗaya tsakanin bishiyoyin da gonar, kowace shekara kafin damina ka bi ramin da adda ka datse saiwoyin da suka tsallako. Ba aiki ne mai daɗi ba, amma yana aiki. Tazara mita 3 da mita 2 tana ba da bishiya kusan 1,660 a hekta, kai kuma ko ɗari biyu sun ishe ka. Ka dasa da zarar damina ta zauna, ka kuma sa ido a kan gara, don ita ce ke kashe yawancin dashen a watannin farko. Shekara biyar zuwa bakwai ka sami dirkoki. Wurin sara ka bar kututture santimita 10 zuwa 15, ka yanke shi a karkace don ruwa ya zurare. Zai yi toho da yawa. Bayan shekara guda ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka cire sauran. A haka kututture ɗaya zai ba ka sara uku kafin ya gaji.

Tambaya: To zan iya shuka rogo a tsakanin layukan turaren?

Za ka iya, shekara ta farko, wani lokaci har ta biyu idan ka buɗa layukan zuwa mita huɗu ko biyar. Noman da kake yi wa rogon yana amfanar ƙananan bishiyoyin ma. Ka nisanta rogon mita guda daga gindinsu don kada ya rufe su. Da zarar rassa sun haɗe a sama, ka haƙura, rogo ba ya tara saiwa a inuwa.

Tambaya: Shinkafata takan fara da kyau, bayan wata guda sai ganyen ƙasa ya yi ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa daga tsini, daga baya fangalin duka ya koma ja kamar tsatsa. Na ƙara yuriya, ba ta canza ba. A kan ruwan kuma akwai wani abu mai ƙyalli kamar mai.

Ɗan'uwa, ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ƙyallin da ka ambata shi ya ba ni amsar. Ba mai ba ne. Ka taɓa shi da tsinke: mai yakan sake haɗewa, wannan kuwa farfashewa yake yi kamar ɓawon ƙwai. Sinadarin ƙarfe ne ya yi wa shinkafarka yawa. A ƙasa mai tsami da ruwa ya daɗe a kanta ba iska, ƙarfen da ke cikinta yana narkewa, shuka ta zuƙe shi fiye da kima. Sau da yawa ma daga gangaren yake tsatsafowa ya shigo ta gefen fadamar, shi ya sa fangalin da ke gindin tudu ya fi shan wahala. Ka tuge gindi ɗaya ka duba: saiwa mai lafiya fara ce ko mai ɗan ja, wadda ta kamu kuwa baƙa ce ko ruwan ƙasa mai duhu, guntuwa.

Yuriya ba maganinsa ba ce. Ka haƙa magudana a gindin gangaren ta tare ruwan da ke tsatsafowa ta kai shi waje. A tsakiyar lokacin 'ya'ya, wato sa'ad da gindin shinkafa ke fitar da sababbin kara, ka zubar da ruwan fangalin na kwanaki kaɗan, ƙasa ta sha iska har ta fara ɗan tsagewa, sannan ka mayar. Shinkafar da ke yunwar sinadaran taki na fotash da fosfet ta fi saurin kamuwa, don haka takin NPK wurin dashe yana da muhimmanci, tokar ɓuntu ma tana taimakawa. Akwai kuma irin da ke jure wannan matsala, ka tambayi malamin gona na yankinku wanda aka gwada a irin ƙasarku.

Tun da maganar yuriya ta taso, bari in ɗan tsaya a kanta, domin a nan kuɗin manoma da yawa ke bin ruwa. Kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, kuma idan aka watsa ta gaba ɗaya a ruwa mai zurfi, ko mai gudu, kaso mai yawa iska da ruwa ke kwashewa. A raba ta biyu. Ta farko mako biyu zuwa uku bayan dashe. Ta biyu lokacin da shinkafa ta fara ɗaukar ciki, wato kwana 60 zuwa 65 kafin girbi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: tsaga babban kara da reza daga gindi, idan ka ga wani ɗan farin abu kamar auduga a saman gaɓar ƙarshe, lokaci ya yi. Ka rage ruwan, ka toshe mafita, ka cire ciyawa tukuna. Wanda ya zuba taki a kan ciyawa, ciyawar ya yi wa hidima.

Tambaya: Shekara huɗu ina shuka rogo a wuri ɗaya da karan da nake yankowa daga gonar. Bana ganyen ya yamutse, ya yi rawaya-rawaya, saiwar kuma sirara.

Abu biyu suka haɗe maka. Yamutsewar ganyen cutar mozayik ce. Farin ƙuda ne ke yaɗa ta daga shuka zuwa shuka, amma babban mai yaɗa ta shi ne manomi da kansa, domin tana zaune cikin kara. Duk karan da ka yanko daga gindi mai ciwo, ciwon ka sake dasawa. Feshi ba ya warkar da ita. Ko dai ka samo irin da ke jure mata daga wurin da ka amince, ko kuma tun rogon yana da ganye ka zaga gonar ka ɗaura ƙyalle a kan masu lafiya, daga su kaɗai za ka yanki iri. Ba a fafe gora ranar tafiya: in ka bari sai ranar tono, ganye ya zube, ba za ka bambance su ba. Wanda ya tsiro da cutar a watan farko ka tuge shi ka maye gurbinsa.

Iri mai kyau daga gindi mai wata 8 zuwa 18 yake fitowa, daga tsakiyar kara, ba ɗanyen sama ba, ba kuma tsohon gindi ba. Tsawo santimita 20 zuwa 25, da ido biyar zuwa bakwai. Ka soka shi a karkace, kashi biyu cikin uku a ƙasa, idanun suna kallon sama. Tazara mita ɗaya kowane gefe, gindi 10,000 ke nan a hekta. Wata uku zuwa huɗu na farko kada ciyawa ta ga sarari.

Abu na biyu ƙasar ce ta gaji. An yi wa rogo shaidar haƙuri har aka ɗauka ba ya cin komai. Yana ci, musamman fotash, kuma duk buhun da ka fitar daga gonar da shi yake fita. Shekara huɗu a jere ba hutu, dole saiwa ta sirance. Ka juya wurin da wake ko gyaɗa na shekara guda, ka mayar da ganye da ragowar kara cikin ƙasa, ka zuba toka da takin dabbobi. Kada ka cika masa yuriya, sai ya yi maka ganye shar, ƙasa babu komai. Kuma kada kwaɗayin lema ya sa ka gangara da shi fadama, kwana kaɗan ruwa ya kwanta masa saiwar ta ruɓe.

Tambaya: Na zuba wa awakina ɗanyen ɓawon rogo, biyu suka kumbura suka mutu a yini ɗaya. Sannan rogon da muka tone ya yi baƙin zane a ciki tun kafin mu kai shi kasuwa.

Hajiya, sannu da rashi, Allah Ya mayar da alheri. Rogo yana ɗauke da wani sinadari mai suna linamarin, wanda ke rikiɗewa ya zama gubar sayanaid idan an tauna ko an goge shi. Ya fi yawa a ɓawo da ganye, ya fi tsanani a rogo mai ɗaci, kuma fari yana ƙara shi. Gubar tana bin iska ta tafi idan an ba ta dama. Ki yayyanka ɓawon ƙanana, ki shanya shi a rana kwana biyu zuwa uku har ya bushe ƙarau, ganyen ma a bar shi ya yi yaushi sosai. Kada a ba dabba mai yunwa shi kaɗai, a fara mata da ciyawa. Ruwan da aka matse daga rogo mai ɗaci kuwa a zubar da shi inda dabba ko yaro ba za su kai ba. Mutane ma wannan hukuncin ya hau kansu: mai ɗaci sai an fere, an jiƙa kwana uku zuwa biyar ko an goge an matse, sannan a busar ko a dafa.

Baƙin zanen kuma halin rogo ne, yana fara lalacewa cikin kwana ɗaya zuwa uku da tonowa, daga inda fartanya ta ji masa rauni. Ma'ajiyarsa mafi kyau ita ce ƙasar da yake ciki. Yawancin iri sun isa tono daga wata 9 zuwa 12, kuma suna iya jira wasu watanni, ko da yake in aka wuce gona da iri saiwar takan yi zare. Ki daidaita da mai saye da mai mota tukuna, sannan a tona gwargwadon abin da zai tafi a ranar. Idan dole sai ya kwana biyu, a bar ɗan guntun kara a jikin kowace saiwa, a ware masu rauni a fara aiki da su, sauran a binne su cikin yashi mai ɗan lema a inuwa.