Duk sel iri ɗaya ne tantanin da ya lulluɓe su?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tantanin da ke kewaye da sel (wato ƙwayar halitta) ɗin mutum ɗaya ne da na shuka da na bakteriya. To kowane sel dai yana da wannan siririn tantanin, kitse ne ninki biyu da furotin a cikinsa, kaurinsa bai wuce nanomita 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma shi ke tantance abin da zai shiga da wanda zai fita. Masana kimiyya Singer da Nicolson ne suka bayyana tsarinsa a 1972.

Inda aka rabu shi ne mu da dabbobi tantanin kawai gare mu, mai kolestarol (wani nau'in kitse), ita kuwa shuka tana da ƙarin bango mai tauri na selulos a waje, shi ya sa in ka sa jar ƙwayar jini a zallan ruwa za ta kumbura har ta fashe, ta shuka kuwa sai dai ta cika tam. Bakteriya ma tana da nata bangon, kuma wallahi nan ne ya fi burge ni, don shi penisilin ke hana ta ginawa har ta mutu, mu kuma ba mu da bangon balle ya rusa. Fangas (irin su funfuna) kuwa wani kitsen da ake kira argostarol ne a tantaninsa maimakon kolestarol, kuma argostarol ɗin ne maganin fulkonazol ke hana fangas haɗawa.