Yadda ake kama fashewar hasken gamma daga sararin samaniya

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ba a kama fashewar hasken gamma (wato ɓarkewar wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, daga can nesa a sararin samaniya) daga ƙasa, da yadda ake gane inda ta fito.

Iskar da ta lulluɓe duniya ce ke shanye hasken, don haka dole a ɗora na'urar a kan tauraron ɗan'adam. Madubi ma ba ya tattara shi, ratsawa yake yi. Shi ya sa tauraron ɗan'adam mai suna Swift, wanda hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a 2004, ke aiki da inuwa: faranti mai gutsattsarin dalma kimanin 52,000 yana zaune mita 1 a saman na'urorin ganowa 32,768. Yadda inuwar ta faɗa kansu ne ke nuna wa kwamfuta alƙiblar fashewar. Nan take tauraron ya juya da kansa, cikin ƙasa da minti 2, ya auna wurin kafin sauran hasken ya dushe.

Wani tauraron kuma, Fermi, na 2008, ya fi Swift ganin faɗin sama, amma bai kai shi saiti ba.

Wata matsalar ita ce ƙararrawar ƙarya: tartsatsin rana da walƙiyar hadari duk suna iya tayar da na'urar Fermi. A saman kudancin Tekun Atlantika kuwa, inda ƙwayoyi masu cajin lantarki suka yi yawa, dakatar da ɗaukar bayanai ake yi.