Tambaya da Amsa: Mene ne bambancin "borrow" da "lend"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ce wa ƙawata "borrow me your biro", sai malamarmu ta Turanci ta ce kuskure ne. To ai haka kowa ke faɗa. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malamarki ta yi gaskiya, kuma Hausarmu ce ta ja ki. Mu kalma ɗaya muke juyawa, mu ce "ara mini biro", mu ce "na ari biro". Bature kuwa ya raba aikin gida biyu: mai karɓa shi ke yin "borrow", mai bayarwa shi ke yin "lend".

Ginin jimlarsu ma ya bambanta, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. "Lend" tana ɗaukar mutum da kaya a jere: "Lend me your biro", ko kuma "Lend your biro to me". Ita "borrow" kayan da aka ara ne ke bin bayanta, sannan a kawo mai kayan da "from": "I borrowed a biro from my friend". Saboda haka hanya biyu ce gare ki ta roƙo. In kin fara da kanki, ki ce "Can I borrow your biro?" In kin fara da ƙawarki, ki ce "Can you lend me your biro?"

Ki kula da shuɗaɗɗen lokaci. "Borrow" takan koma "borrowed", amma "lend" sai ta zama "lent". Babu "lended", ko da kin ji wani mai kwat da taye ya faɗa.

A wani wurin kuma Hausa ta fi Turanci tsefe magana. Keke ko tabarma aro ne, don su ɗin za a mayar, kuɗi ko kwanon gero kuwa rance ne. Turanci bai damu ba, duka "borrow" da "lend" ne. Sai in ana biyan kuɗin amfani da kayan, wato haya, a ce "rent" ko "hire".

"Borrow me" ta zauna daram a Turancin buroka, ba wanda zai harare ki a kasuwa. Amma mai duba takardar WAEC ko NECO zai ja mata jan biro, ki rasa maki a banza.