Tambaya da Amsa: Rihlar Fayyum, in je ko in haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Azhar, shekarata ta biyu kenan a Alƙahira, kuma wallahi ban da hanyar Hayyul Ashir zuwa kulliyya sai Ataba in zan sayi kaya ba inda na sani. Yanzu 'yan ɗakinmu sun haɗa rihla, wato yawon buɗe ido, na kwana ɗaya zuwa Fayyum, wai za a je magangarar ruwa da ƙauyen Tunis da Wadil Hitan da dala duk a yini ɗaya. Ina so in je amma kuɗin da Baba ke turowa na karatu ne, zuciyata tana min wani iri. Tunda na ji kai ma can ka yi karatu, wajen ya kai a kashe masa kuɗi? Daga ƙaninka a Madinatu Nasr.

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanina. Ka je. Amma kafin nan ka kira Baba ka faɗa masa gaskiya nawa ne kuɗin, kar ka ɓoye shi cikin kuɗin littattafai, iyayenmu abinda suka fi tsana kenan, su ji labari a bakin wani ko su ga hotonka a WhatsApp kana bisa tudun yashi alhali sun san kana muraja'a. In ya ce a'a shikenan, Fayyum ba guduwa za ta yi ba.

Inda nake da magana shine wannan jadawalin naku, ya yi yawa. Fayyum kusan kilomita 100 ce daga Alƙahira ta kudu maso yamma, kuma wuraren da ka lissafo ba a jere suke ba, dalar Hawara tana ta gabas, Tunis tana can yammacin tafkin Ƙarun, Wadil Hitan kuma sai an nausa cikin sahara. Duk wanda ya ce zai kai ku huɗun a yini ɗaya to a mota za ku wuni, ku sauka ku ɗau hoto direba yana danna hon yana yalla yalla ya shabab. Mu haka aka yi mana a zuwanmu na farko, muka dawo bayan isha'i kowa kansa na ciwo, abinda na fi tunawa ƙeyar wanda ya zauna a gabana.

Magangarar ruwan Wadir Rayyan dai kar ka ɗora mata buri. Misirawa suna ji da ita don ba su da irinta, amma wanda ya taɓa ganin Gurara da damina dariya zai yi, 'yar gajera ce, kuma ruwan ma na magudanan gonakin Fayyum ne aka karkato shi cikin kwarin tun wajen 1973 ya taru ya zama tafkuna, shine yake gangarowa daga na sama zuwa na ƙasa. Minti ashirin ya ishe ku. Ranar Juma'a kuwa ko wajen tsayawa ba za ka samu ba, iyalai da 'yan makaranta da kiɗa a sifika.

Ni inda zan ce ku ba lokaci Tunis ne. Ƙauye ne a kan tudu yana kallon tafkin Ƙarun, wata Baturiyar Suwizalan mai suna Evelyne Porret ta zauna can ta buɗe makarantar ginin tukwane tana koya wa yaran manoma, yanzu yaran nan sun girma kusan kowane lungu akwai mai shagonsa. Ka shiga ka tsaya ka kalli hannun mai ginin, ƙafarsa tana tura faifan ƙasa yana juyawa, yumɓun yana tasowa tsakanin yatsunsa har ya zama kwano, sannan wani ya zauna da siririn buroshi yana zana dabino ko jaki ko tsuntsu a ciki. Zasu ce ka gwada, ka gwada ɗin, nawa sai da ya karkace ya zube kamar tuwon da bai nuna ba. Daga nan ku nemi inda ake gasa fiɗir mishaltit, wata gurasarsu mai hawa-hawa, ku ci da zuma da wannan cukun nasu mai gishiri, mish, duk da nasan ba kowane Bahaushe ke iya shi ba. A hanya kuma ka buɗe ido, gonakin barsim, ciyawar da suke nomawa dabbobi, kore shar, ɓauna a ɗaure, yaro kan jaki da damin ciyawa, gonakin nan duka da ruwan Baharu Yusuf ake shayar da su, rafin da ya taso daga Nilu wanda mutanen wajen suke dangantawa da Annabi Yusuf alaihissalam.

In kuɗinku ya kai ku ɗau mota mai shiga yashi, to Wadil Hitan ya cancanta. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Ƙasusuwan manyan halittun teku ne, irin wanda Larabawa ke cewa hut, kwance a tsakiyar sahara inda ba ko ɗigon ruwa, masana sun ce sun kai shekara miliyan 40 tun wajen yana teku, kuma har da 'yan ƙananan ƙafafun baya a jikinsu. A gidan tarihin da aka buɗe a 2016 akwai guda mai tsawon mita 18. Wajen shiru ne sosai, sai iska.

Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin iskar khamasin ta fara turnuƙe gari da ƙura, ku fita da an idar da asuba, tsakiyar mako. Fasfo da iƙama, wato takardar izinin zama, da katin kulliyya su kasance a aljihunka don akwai shingayen 'yan sanda a hanya kuma kuɗin shiga na baƙo daban yake da na ɗan ƙasa. Ku yi ciniki da direba ku gama tun a Alƙahira, har da maganar ƙarfe nawa za a juyo. Ka ɗau ruwa da yawa da rigar sanyi, da yamma sahara ba ta da mutunci. Kwanon Tunis ɗin kuma in ka sayo wa Umma ka naɗe shi cikin rigar, nawa a mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, ya fashe.