Amsa ga mai shirin zuwa biki a Marakesh

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce ɗiyar kawunki za a yi wa biki a Marakesh cikin watan Disamba, za ku tashi daga nan Yamai ke da Inna, kina tambayar me za ki tanada. Allah ya sanya alheri. Na halarci irin waɗannan bukukuwa a Maroko, bari in faɗa miki abin da na gani.

Tun kafin a kai wa tela ɗinki, ki kira uwar biki ki tambaye ta ƙarara: wa zai biya masauki, kwana nawa, abincin waɗanne ranaku ke kansu, kuma wa zai tarbe ku? Na san abin da nauyi a baki. A nan gida ba a tambayar haka, baƙo ya zo a shimfiɗa masa tabarma, tukunya ɗaya ta ci da kowa. Can ba gidan kawu ba ne, otel ne, kowane dare da kuɗinsa. Sau da yawa masu biki liyafar dare ɗaya suka biya da ɗakunan dangin kusa, saura kowa da aljihunsa. Na ga baiwar Allah tsaye a gaban teburin otel ana neman ta biya kwana uku, ita kuwa ta zo da tunanin an biya mata. Kunya ta hana ta tambaya tun daga gida, abin ya tsaya mini a rai. Idan kin yi lissafi kin ga ya fi ƙarfinki, kada ki ci bashi. Yawanci a nan ake ɗaurin aure, ki halarci wannan, ki kai gudummawarki, kin sauke haƙƙin zumunci.

Fasfo ki duba shi yau, naki da na Inna, ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Ƴan Nijar na cikin waɗanda Maroko ta yafe wa biza don ɗan gajeren zama, amma sharuɗɗa na sauyawa, don haka ki leƙa ofishin jakadancinsu kafin ki biya jirgi. Ki riƙe katin rigakafin shawara, da tikitin dawowa, da adireshin masauki a rubuce a takarda, ana tambaya wurin shiga.

Royal Air Maroc na zuwa Kasabalanka kai tsaye daga filin Diori Hamani. Ki karanta lokacin tashi da kyau: in an rubuta Alhamis ƙarfe 3 kafin asuba, to tun daren Laraba za ku je filin. Daga filin Mohammed V na Kasabalanka akwai jirgin ƙasa zuwa tashar Casa Voyageurs, daga nan a canza zuwa Marakesh, tafiyar kusan awa 3. Da tsohuwa da akwatuna, ni dai na fi son a haɗa tikiti har Marakesh ta sama, a kuma nema mata keken turawa tun wurin saye. Ku isa kwana biyu kafin biki. Kayan anko, da maganin Inna tare da takardar likita, su shiga jakar hannu, saboda akwati kan yi lattin isowa.

Sefa ba ta da amfani can. Ki canza yuro tun daga nan, yuro 1 kusan sefa 656 ne, wato yuro 100 bai kai jika 66 ba a farashin hukuma, mai canji zai ɗora nasa. In kin sauka ki mayar dirhami kaɗan-kaɗan, don wanda ya rage ba za ki samu mai karɓa da sauƙi a Yamai ba.

Masaukin Inna shi ne ya fi damuna. Gidajen tsohon gari da suke kira riyad suna da kyau ƙwarai, amma da yawansu cikin lungu suke inda mota ba ta shiga, ga matakala masu tsayi. Ki nemi ɗakin ƙasa, ko otel mai na'urar hawa bene kusa da wurin bikin. Sanyin Disamba kuma ya wuce hunturunmu, da dare yakan sauka ƙasa da digiri 10, shadda kaɗai ba ta tare shi. Ku ɗauki rigar sanyi da safa, musamman in a fili za a yi liyafar, don bikinsu kan kai tsakar dare har ya wuce.

Humra da turaren ruwa in kwalbar ta wuce mililita 100 a sa a babban akwati, a naɗe da kyau. Turaren wuta kuwa kada ku kunna garwashi a ɗakin otel, na'urar hayaƙi za ta yi kuka, wani wurin har da tara. Ƙananan tasi na cikin gari mutum 3 suke ɗauka, in kuna da yawa ku rabu, kowace mota da mai jin Faransanci da lambar uwar biki.